Ƙuruciyar ce ke kashe su ko lokacin? Muhawara kan hatsarin hanya a Damagaram

Baban Ɗalibi (Garin Malam):
Assalamu alaikum jama'ar zauren nan. Akwai maganar da ta hana ni barci kwana biyu, na ce bari in kawo ta gaban manya da masu sani.

Ɗana na fari ya samu bak bana, zai shiga jami'ar André Salifou. Shekararsa 19. Tun yana koleji na yi masa alkawarin babur in ya ci jarrabawa, kuma kuɗin suna hannuna yanzu haka. Uwarsa ta ce atafau, ba da yawunta ba. Da farko na ɗauka tsoro ne irin na uwa. Amma da na zauna na ƙirga gaisuwar mutuwar da na je cikin shekarar nan, uku na hatsarin hanya ne. Dukansu maza, babu wanda ya kai 25. Ɗaya a hanyar Mirya bayan magariba, ɗaya cikin gari wajen sha ɗayan dare yana dawowa daga fada, na ukun cikin rakiyar amarya. Babu ko guda da ya faru da hantsi.

Shi ne nake tambaya: ƙuruciyar ce ke kashe su, ko lokacin? In ƙuruciya ce, sai in bari ya ƙara shekaru. In lokacin ne, sai in saya in kafa masa doka.

Hajiya Ƴar Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri. Malam, ka saurari uwar yaron nan.

Majon Dare:
Baban Ɗalibi, abin da ka ƙirga a unguwarku shi nake gani a wurin aiki. Shekarata 11 ina aikin dare a ɓangaren gaggawa na asibiti. Da safe ana kawo mana karaya, gocewar ƙashi, ƙujewa, mu ɗaure mutum ya tafi gida. Daga magariba zuwa tsakar dare kuwa irin waɗanda ake shigowa da su daban ne: kai ya fashe, jini na fita ta kunne, mutum ba ya magana. Mafi yawansu samari ne a kan babur, babu kaske, wato hular kwano. Daren Alhamis, da ranakun biki, da kwanakin salla, mukan shirya tun kafin a fara kawo su.

Ba mu kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma tsakanin shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya kai hatsarin hanya kisa, ko cuta ko yaƙi. Namiji ya ninka mace kusan sau uku wajen mutuwa a hanya. Nahiyarmu ce ke gaba, wajen mutum 19 cikin kowane 100,000, alhali mu ne muka fi ƙarancin motoci.

Amsata ita ce duka biyun ne, kuma inda suka haɗu nan ne mutuwa take zama.

Ɗan Kabu-kabu na Zango:
Gaskiya ni raina yana ɓaci da irin wannan magana. Kullum samari, samari. Anti Majo, da girmanki, amma kin taɓa tambayar waɗanda ake kawo miki me ya fito da su a lokacin? Shekarata 23, shekara huɗu ina kabu-kabu. Babur ɗin ba nawa ba ne. Ko na samu ko ban samu ba, jika biyu zan kai wa mai shi kafin in kwanta. Da rana tsaka gari ya mutu, rana ta kori kowa. Fasinja yana fitowa ne daga la'asar sakaliya zuwa goman dare: ƴan kasuwar Dole suna tashi, mata suna zuwa biki, masu saukowa daga tasha. In na ce zan ajiye babur da magariba, me zan kai gida? Ba son dare muke ba, abincinmu ne yake cikin dare.

Kuma sau nawa babban mutum mai furfura cikin mota ya taso mu ya wuce? Shi ba a kawo shi wurinku don ƙarfe ya kare shi. Mu da ake kawowa mu ake ƙirgawa.

Majon Dare:
Ƙanena, ka yi gaskiya a nan, kuma ban musa ba. Wanda aka kawo mana ba lallai shi ne mai laifi ba. Fiye da rabin masu mutuwa a hanya a duniya masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ban zo zargi ba. Na gaji ne da rufe fuskokin ƴaƴan mutane.

Mushen Lissafi:
Bari in sa baki, don ƙorafin Ɗan Kabu-kabu shi ne ainihin tambayar da masu bincike suka daɗe suna yi. In samari sun fi yawa a kan titi, dole su fi yawa cikin matattu, wannan bai nuna sun fi kowa ganganci ba. Hanyar gane gaskiya ita ce a raba yawan hatsari da yawan kilomitar da kowane rukuni ya yi. A Amurka, inda suke riƙe irin wannan lissafi, an yi haka, kuma abin da ya fito shi ne direba mai shekara 16 zuwa 19 ya ninka wanda ya haura 20 kusan sau uku wajen shiga hatsarin da ake mutuwa, a kan tafiya daidai wa daida. Haka ma dare: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukan tuƙin ƙasar ne ake yi cikin dare, amma kusan rabin mutuwar a lokacin take faruwa. Wannan a ƙasar da ke da fitilun titi da fenti a kan kwalta ke nan. To ina ga hanyar Magarya ko ta Matamai da babu komai sai duhu?

Saboda haka akwai abin da yawan fita bai bayyana ba. Ƙuruciya tana da nata, dare yana da nasa.

Ɗan Kabu-kabu na Zango:
Mushe, Amurka daban, Damagaram daban. Yaransu yawo suke fita, mu nema muke fita.

Mushen Lissafi:
Dalilin fita daban ne, na yarda. Amma ido ɗaya ne, kuma kwanyar kai ɗaya ce. Duhu bai san me ya fito da kai ba.

Tsohon Sofer:
Ku yi haƙuri in yi dogon bayani, ɗana ne yake rubuta mini ina faɗa.

Na yi shekara 34 a kan sitiyari. Na fara karen mota a layin Agadas, na ja kamiyo, daga baya na ja kar tsakanin nan da Yamai. Abin da zan faɗa muku ba a takarda na karanta ba.

Lokuta uku nake tsoro a hanya. Na farko shi ne faɗuwar rana. Duk wanda ya san babbar hanyarmu ya san daga gabas take zuwa yamma. In ka bar Damagaram bayan la'asar za ka Maraɗi, kafin ka wuce Takeita rana ta sauko ta zauna cikin idonka, haka za ka yi ta fama da ita har ta faɗi. Wanda ya nufi Gure da sassafe shi ma haka. To a daidai wannan lokacin ne shanu ke komawa gida, amalanke ke dawowa daga gona ko kasuwa, yara ke tsallaka kwalta. Rana ta faɗi kuma sai a shiga wani ɗan lokaci da ba haske ba duhu, fitila ba ta da amfani, ido ma ba shi da amfani. Lokacin hazo abin ya fi muni, ƙura ta tsaya a kan hanya kamar hayaƙi.

Na biyu shi ne daga biyun dare zuwa asuba. Ɗana, a nan ba gwaninta ke aiki ba. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Wata shekara ina dawowa, mun kusa Tasawa, idona biyu a sanina, ina jin rediyo. Sai kawai na ji tayoyin dama suna cin tsakuwa. Ban san lokacin da na bar kwalta ba. Mutum sama da 60 ne a bayana suna barci. Na tsaya na sauka, ƙafafuna suna rawa, na yi alwala na zauna bakin hanya har aka kira salla. Ban gaya wa kowa ba sai bayan shekaru. A lokacin ina da shekara arba'in da wani abu, ba yaro ba ne ni.

Na uku shi ne bayan azahar, in an ci abinci, rana ta buɗe, hanya ta miƙe ɗoɗar kamar ta Tanut. Mutane ba su ɗauke shi lokacin hatsari ba, amma gyangyaɗinsa ya kusa na asuba.

Kuma a hanyar arewa akwai raƙumi. Saniya in ka buge ta gaban mota ne ke lalacewa. Raƙumi ƙafafunsa za ka share, gangar jikin ta faɗo muku ta gilashi. Cikin dare ba ka ganinsa sai ka zo kansa, don launinsa da na ƙasa ɗaya ne.

Mushen Lissafi:
Baba, abin da ya same ka kusa da Tasawa yana da lissafi. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Ido ya rufe daƙiƙa huɗu kacal, an yi mita 100 babu direba, tsawon filin ƙwallo ke nan. Kuma a 1997 masu bincike a Ostareliya sun gwada mutane, suka ga wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa sun koma kamar na wanda ke da giya giram 0.5 cikin litar jini, wato iyakar da dokar Faransa ta sa wa direba. Ku ƙirga da kanku: wanda ya tashi sallar asuba ƙarfe 5, bai yi ƙailula ba, ƙarfe 10 na dare ya cika awa 17. Mu nan muna cewa alhamdu lillahi direbobinmu ba mashaya ba ne, amma gajiya tana yi mana aikin da giya ke yi wa wasu.

Tsohon Sofer:
Haka ne ɗana. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900. An ce a Turai doka ta hana direban babbar mota wuce awa huɗu da rabi bai huta minti 45 ba. Mu a zamaninmu, ka sauke da dare, ka kwanta awa uku a kan benci, a tashe ka ka juyo. Wanda ya ce ya gaji, akwai mutum goma a bakin ƙofa suna jiran makullin.

Ɗan Kabu-kabu na Zango:
To Baba ka ga abin da nake faɗa. Kai ma ba kai ka zaɓi lokacin ba.

Tsohon Sofer:
Ban zaɓa ba. Amma akwai abin da na zaɓa, kuma zan faɗa maka don kai ɗana ne. Ban taɓa shan ƙwaya don in kori barci ba. Goro da shayi, in sun ƙi, in tsaya. Yanzu ina ganin yara suna haɗiyar tramol da safe wai don jiki ya ɗauki wahala. Jiki zai daina jin gajiya, amma gajiyar tana nan, kuma tsoro ya fita daga zuciya. Direban da ba ya jin tsoro ba na shiga motarsa.

Ɗan Kabu-kabu na Zango:
Wannan kam akwai shi cikinmu, ba zan ɓoye ba. Ba duka ba, amma akwai.

Ɗaliba (Karkada):
Ina da tambaya ga Mushe. An ce maza sun ninka mata sau uku. Ba don mata ba su cika tuƙi ba ne? Nan garin mace nawa ce ke jan kamiyo ko kabu-kabu?

Mushen Lissafi:
Kashi babba na bambancin daga nan yake, ƴata. Amma a ƙasashen da mata ke tuƙi sosai, ko an daidaita yawan tafiyar, maza suna gaba a hatsarin mutuwa. Sun fi gudu, sun fi ƙin ɗaura bel da sa kaske, sun fi wuce mota a inda bai kamata ba.

Ɗaliba (Karkada):
To ni abin da nake gani a hanyar makaranta shi ne, yayana in shi kaɗai ne da ni a baya, tafiyarsa lafiya lau. Da abokinsa ya jero da shi a wani babur, shi ke nan, ya zama wani mutum. Ba ya ma jin ina magana. Kuma mu mata da ke zaune a baya a karkace, da zane, ba mu da abin riƙewa, mu ne ke fara faɗuwa. Ban taɓa ganin ɗan kabu-kabun da ya miƙo wa fasinja kaske ba.

Malamin Otoekol:
Ɗaliba ta taɓo inda nake so in fara. Shekara 16 ina koyar da tuƙi. Saurayi shi kaɗai daban, saurayi a gaban abokansa daban. Rakiyar amarya da Baban Ɗalibi ya ambata ita ce misali mafi muni: babura talatin, kowa yana so a gan shi, ana tashi tsaye a kan sirdi, ana sakin hannu, ga dare, ga mata da yara a bakin hanya suna kallo.

Amma ina so a raba abu biyu da ake haɗawa, shekaru da sabunta. Dattijo mai shekara 45 da ya fara tuƙi jiya shi ma hatsari ne, watannin farko bayan karɓar permi su ne mafi muni ga kowa. Sabon direba yana kallon abin da ke gaban tayarsa. Tsohon hannu yana kallon nesa, ya ga ƙwallo ta gangaro titi ya san yaro na biye da ita, ya ga jaki ɗaya ya san akwai na biyu. Wannan ba a koyar da shi a allo, sai an yi kilomitoci. Matsalar saurayi ita ce ya haɗa biyun: bai ga komai ba tukuna, kuma yana jin babu abin da zai same shi. Don haka Baban Ɗalibi, in ka jira ya kai 22 sannan ka miƙa masa makulli rana ɗaya, ka rage rabi ne kawai.

Game da dare, ga abin da nake koya wa ɗalibaina. Ka ɗauki lambar farko ta gudunka ka ninka ta da kanta, shi ne kimanin mitocin da za ka ci kafin ka tsaya cik a busasshiyar kwalta. Gudun 50, mita 25. Gudun 60, mita 36. Gudun 90, mita 81. Ƙaramar fitila kuwa abin da littafin koyon tuƙi ya ce ta haska shi ne mita 30, babba mita 100. To wanda ke gudun 90 da ƙaramar fitila saboda wata mota na tahowa, duk abin da ya gani ya riga ya buge shi. Fitilar babur ɗin da yaranmu ke hawa ma ba ta kai haka ba, wata an ɗaure ta da roba tana haska sama.

Ƙasar New Zealand tun 1987 ta fito da tsarin ba da permi mataki-mataki. Sabon direba ba ya tuƙi shi kaɗai daga 10 na dare zuwa 5 na asuba, kuma ba ya ɗaukar abokai sai da babba a gefensa, har sai ya cika wa'adi. Ƙasashe da dama sun kwaikwaya. Ka ga su ba su tsaya gardamar ƙuruciya ce ko dare ba, sun hana biyun haɗuwa ne. Abin da gwamnati ba ta yi mana ba, uba yana iya yi a gidansa.

Manomi daga Mirya:
Salamu alaikum. Ni ba ni da boko sosai, ku yi haƙuri da rubutuna. Ana ta cewa amalanke, amalanke, kamar mu ne muke tare hanya da gangan. Ranar Lahadi kasuwarmu take ci. Mutum ya sayar da kayansa sai la'asar, shanu ba su da gudu, dole magariba ta same shi a hanya. Gefen kwalta rairayi ne, taya tana nutsewa. Ina za mu bi? Ƙanena mota ta buge shi ta baya shekara uku da suka wuce, sa ɗaya ya mutu nan take, shi kuma har yau da sanda yake tafiya. Direban ya rantse bai gan shi ba, kuma na yarda bai gan shi ba.

Tun daga ranar na sayi irin abin nan ja mai ƙyalli da ake mannawa bayan kamiyo na buga a amalankena, na rataya tsohon faifan CD guda biyu. Direbobi sun ce suna hango ni daga nesa. Kuɗinsa bai kai na buhun dusa ba. Na yi wa mutanen garinmu magana, wasu sun sa, wasu sun ce sai gwamnati ta raba.

Tsohon Sofer:
Allah ya yi maka albarka. Da kowane amalanke yana da wannan, da an rage zawarawa. Haka masu kamiyon da ke lalacewa a kan kwalta su zuba ganye a baya su tafi barci. Ganye ba ya haske cikin dare. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 manyan motocin mai sun ƙaru a hanyar Tanut, wanda ya afka wa irin wannan a tsaye ba a ɗaukarsa da rai.

Kuma kada tsofaffi su ji an bar su. Ni da kaina na ajiye tuƙin dare ina da shekara 58. Fitilar mai tahowa in ta doke ni sai in ɗauki lokaci ban ga komai ba, abin da da ba ya yi mini. Da aka duba aka ce yana ce ta fara. Na san sa'o'ina da ke jan mota har yanzu da irin wannan ido, suna cewa sun san hanya kamar tafin hannunsu. Hanyar ka sani, jakin da ya kwanta a kanta yau ba ka san shi ba.

Majon Dare:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma akwai ƙari. Bugun da saurayi zai tashi ya karkaɗe rigarsa, dattijo in ya same shi haƙarƙari ne ke karyewa, ya kwanta, huhu ya kamu, bayan sati biyu a ce ya rasu. Irin wannan ba wanda ke cewa hatsari ne ya kashe shi.

Hajiya Ƴar Kasuwa:
Ni zan faɗi laifinmu mu fasinja. Ina zuwa Kano sayen kaya ta Matamai shekara da shekaru. Wallahi mu ne muke zuga su. Direba mai natsuwa sai a ce ba ya sauri, a guje wa motarsa a tasha. Wanda ke tashi sama shi ake yabo, a ce wane ai kafin azahar ya shiga. Ni ma na faɗi haka da bakina. Ranar da na daina ita ce ranar da muka wuce wata motar da ta riga mu tashi da minti kaɗan, ta kife, an jera mutane a gefen hanya an rufe su da zannuwansu. Wata mata da muka yi ciniki tare a tasha da safe tana cikinsu, na gane ta da lallen ƙafarta.

Sai kuma azumi. Rabin awa kafin shan ruwa ku tsaya a kowace mahaɗa cikin garin nan ku gani. Kowa a gajiye, ga ƙishirwa, ga barcin da ba a yi ba saboda sahur, kowa yana so ya sha ruwa a gida. Yanzu ni dabino nake sawa a jaka, in lokaci ya kusa in ce wa direba ya tsaya mu sha a nan.

Wani Bawan Allah:
Duk wannan dogon lissafi ne. In kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi. Wanda aka rubuta zai mutu a babur ba kaske ɗin da zai hana.

Malam na Birni:
Ɗan'uwa, ajali gaskiya ne, babu musulmin da ke musunsa. Amma wanda ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tambaya ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Kuma a cikin Baƙara an hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Sannan ba ranka kaɗai ne a hanya ba. Wanda ya san barci na cin idonsa ya ci gaba da tuƙi har ya kashe ɗan wani, ba zai tsaya gaban Allah ya ce ƙaddara ce kawai ba, akwai hakki a wuyansa. Muna faɗar ƙaddara wajen gaisuwa don zuciyar dangin mamaci ta yi sanyi. Ba a ɗauko ta tun kafin a tada mota.

Majon Dare:
Na gode Malam. Kaske mai kyau, an ɗaure igiyarsa, yana rage raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 70 cikin 100. Na ce an ɗaure, don sau da yawa ana kawo mana mutum, kasken yana can ya gangara gefe tun kafin kansa ya taɓa ƙasa.

Maman Ɗalibi (da salular maigida):
Assalamu alaikum. Ni ce uwar yaron. Ya ba ni na karanta duk abin da kuka rubuta, na gode muku.

Abin da bai gaya muku ba shi ne ƙanena, wanda nake goyawa da muna yara, a kan babur ya rasu yana da shekara 21, sati biyu kafin ɗaurin aurensa. An aike shi ne bayan isha'i. Shi ma babanmu ya kafa masa doka. Doka tana aiki ne ranar da uba yake gida. Ranar da abokinsa ya kira shi ya ce uwata ba lafiya zo ka kai mu likita, zai ce babana ya hana? Ni na haife shi, na san ba zai ce ba, kuma ba zan so ya zama mai cewa haka ba.

Ban ce har abada ba. Amma kada a ce mini dokar magariba ta isa.

Ɗan Kabu-kabu na Zango:
Inna, Allah ya jiƙansa. Ba ni da abin cewa a kan wannan. Abu ɗaya kawai, in bai samu nasa ba zai hau na abokai, ko ya hau bayanmu, kuma can ba ki da iko a kan komai. Gara wanda kika san birkinsa da fitilarsa.

Maman Ɗalibi (da salular maigida):
Wannan ma na yi tunaninsa, ɗana. Shi ya sa na kasa barci ni ma.

Baban Ɗalibi (Garin Malam):
Jama'a na gode ƙwarai. Mun zauna da ita da yaron bayan isha'i. Ga inda muka tsaya yanzu. Ba za a sayi babur wannan watan ba. Zai fara zuwa otoekol ya yi permi na gaskiya, ba na saye ba. In an saya, ƙarami za a saya, da kaske biyu, kuma wata shida na farko daga gida zuwa makaranta ne, makulli yana hannun uwarsa kafin kiran magariba. Ba hanyar Mirya, ba rakiyar amarya, ba goyon aboki. In larura ta taso cikin dare ni zan tashi in kai, na ɗauki wannan a kaina, ko ƙarfe nawa ne. Ita ba ta ce ta yarda ba, ta ce za ta gani in ya gama permin. Shi kuma ransa bai so wata shidan ba, yana cewa abokansa za su yi masa dariya.

Tsohon Sofer:
Ka turo mini shi. Ina zaune ƙofar gida kullum bayan la'asar. Zan sa ɗana ya ɗauke mu mu fita hanyar Takeita daidai faɗuwar rana, mu tsaya gefe, ya ga da idonsa yadda amalanke ke ɓacewa a gaban mutum.

Baban Ɗalibi (Garin Malam):
In sha Allahu ranar Asabar, Baba. Zan zo tare da shi.

Maman Ɗalibi (da salular maigida):
Baba, in da wuri a motar ni ma zan zo.